Bindigar da Baba ya bari: a riƙe ta ko a miƙa wa hukuma?

Baban Sadiq: Assalamu alaikum 'yan zaure. Da yawanku kun zo mana ta'aziyyar Baba, wasu kun kira, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Jiya bayan sadakar bakwai muka buɗe ɗakinsa ni da ƙannena. A ƙarƙashin gado, cikin dogon akwatin ƙarfe, muka tarar da bindigarsa mai baki biyu naɗe cikin tsohon bargo, har yanzu tana ƙamshin man keken ɗinki da yake shafa mata. Gefenta ga littafin lasisi, ga gwangwanin madara cike da harsasai, wasu masu jikin takarda har sun kumbura, ga kuma kwanson waɗanda aka riga aka harba ya tara a leda. Wallahi da na ɗaga ta sai da na zauna a bakin gadon. Da ita yake kai ni fadama bayan kaka muna neman zabin daji, in ba mu samu ba sai ya jera gwangwanaye a kan kututture ya ce in gwada hannuna. Tambayata biyu ce. Shin zan iya riƙe ta a matsayin gado, ina ɗan harbin gwangwani a gona kamar da? Sannan ina ganin bidiyon Amurkawa suna sake ɗura wa kwanso albarushi a gida maimakon sayen sabo. Ana iya yin haka a nan?

Shugaban zaure: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. 'Yan uwa a yi magana da ilimi. Kada wanda ya sa hoton makami, kada kuma wanda ya yi tallar wani abu a nan.

Lauyan zaure: Allah ya gafarta masa. Yaya, bari in fara da abin da yake da gaggawa. Ana gadon bindiga a matsayin dukiya, amma ba a gadon lasisi. Lasisin na mutum ɗaya ne, ya tafi da mai shi. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki, ta bai wa magaji kwana 14 kacal daga ranar rasuwa da zai iya riƙe bindigar mamaci mai lasisi. Yau kwana takwas, kenan saura shida. Bayan nan in aka same ta a hannunka ba takarda da sunanka, mallakar makami ba bisa ƙa'ida ba ce, ko da zuciyarka fara ce tas.

Dokar ta kasa bindigogi gida uku. Akwai haramtattu, irin na soja da masu sarrafa kansu da ƙananan bindigogin hannu, waɗannan sai da izinin shugaban ƙasa. Akwai na amfanin kai, nan ne mai baki ɗaya da mai baki biyu da bindigar iska suke, lasisinsu daga Sufeto Janar na 'yan sanda yake fitowa. Sai na uku, masu ɗuri ta baki, wato baushe ko harba-ka-ruga, su kuma kwamishinan 'yan sandan jiha. Ba a bai wa wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce.

Tambayarka ta biyu kuwa amsarta a'a ce. Dokar ta hana ƙera ko harhaɗa harsashi sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko masana'antar sojoji. Abin da ka gani a bidiyo halal ne a dokarsu, a tamu laifi ne.

Baban Sadiq: Innalillahi. Barista ni ban san da wannan kwana 14 ɗin ba sam. Da ban tambaya ba da sai bayan arba'in zan waiwaye ta.

Maman Hanif: Yaya ni dai shawarata ka miƙa ta ka huta. Shekarata goma sha ɗaya ina aikin jinya a ɗakin gaggawa. Abin da ba ya fita raina shi ne wani yaro da aka kawo mana ranar wata Sallah, bai fi shekara tara ba. Yayansa ne ya ɗauko bindigar kakansu daga bayan ƙyaure yana nuna masa yadda ake yi, kowa a gidan yana rantsuwa ba komai a cikinta. Ƙwayoyin dalma muka riƙa tsincewa daga cinyarsa ɗaya bayan ɗaya cikin tasa, ina jin ƙararsu har yau. Ya rayu amma yana ɗingishi. Kana da su Sadiq a gida, kuma yara ba abin da ba sa tonowa.

Kawu Maharbi: (Ɗansa ne ke rubutawa, shi yana faɗa) Ɗana, na san mahaifinka a daji kafin a haife ka. Mutum ne da bai taɓa shiga gari da ɗuri a bindiga ba. Tun daga bakin rafi yake karya ta ya zare harsashi ya sa a aljihu, ya rataya ta a karye a kafaɗa yadda kowa zai ga ba komai ciki. 'Yata mai aikin asibiti gaskiya ta faɗa, amma laifin na wanda ya jingine bindiga da ɗuri bayan ƙyaure ne. Mu da muka tashi a hannun Sarkin Baka, shekara uku ina ɗaukar wa maigidana jaka da gora kafin ya bari na taɓa kunama. Abu na farko da ake koya maka, bakin bindiga ba ya kallon mutum ko da wasa, ko da ka rantse ba komai cikinta. Na biyu, ba ka harbin motsin ciyawa, sai ka ga dabba da idonka ka kuma ga abin da ke bayanta. Na uku, ba ka tsallake rami ko shinge da ɗuri. In za ka riƙe ta da wannan tarbiyya kuma hukuma ta yarda maka, riƙe ta. Kayan uba ba abin yarwa ba ne.

Maganar ɗuri kuma, mu masu baushe kullum da hannu muke ɗurawa, ai shi ya sa ake ce mata harba-ka-ruga, in ka harba sau ɗaya sai ka nemi wurin tsayawa ka sake. Amma na ga abin da ganganci ya yi. Wani yaro a ƙungiyarmu ya farke harsashin zamani ya juye garinsa cikin baushe wai don ta fi ƙarfi. Bututun ya tsage kamar an fasa rake, yatsunsa uku suka tafi. Kada ka yi wasa da abin da ba ka san awonsa ba.

Injiniya (Texas): Allah ya ƙara wa Kawu lafiya, abin da ya faɗa shi ne ainihin ilimin. Albarushin gargajiya baƙi da garin zamani marar hayaƙi, wanda wani Bafaranshe Paul Vieille ya fito da shi a 1884, ba abu ɗaya ba ne ko kusa. Na zamani yana haifar da matsi mai tsanani ƙwarai, bututun da maƙeri ya yi don baƙin gari ba zai ɗauka ba.

Ni ina zaune a inda ake wannan ɗurin, maƙwabcina ma yana yi a garejinsa, na sha zama ina kallo. Bari in gaya muku abin da bidiyo ba ya nunawa. Harsashi abu huɗu ne: kwanso, da ɗan ƙyastun da ke gindinsa mai tayar da wuta, da gari, da kan da ke fita. Kwanson ne kawai ake maimaitawa, sauran ukun yawanci saye ake yi daga kamfani. Mutumin nan yana da injin matsawa na kamfanin RCBS, da ma'auni mai auna abin da bai kai ƙwayar gero ba, domin awon da suke amfani da shi, giren, bai kai kashi ɗaya cikin goma sha biyar na giram ba. Yana da littafin awo da kamfanonin gari suke fitarwa bayan gwaji a ɗakin bincike, ba ya ƙetare abin da aka rubuta ko da ƙwaya. In yana aiki ba ya amsa waya, ba ya barin gwangwanin gari biyu a kan tebur lokaci ɗaya. Kowane kwanso sai ya ɗaga shi a fitila ya duba tsaga. Duk akwatin da ya gama sai ya manna takarda da kwanan wata da abin da ya zuba. Ya ce mini abin da ya fi tsoro shi ne ya zuba gari sau biyu a kwanso ɗaya bai lura ba.

Dokar tarayya a nan ta yarda mutum ya ɗura don kansa ba tare da lasisi ba, amma in zai sayar sai da lasisi. Yawancinsu kuma ba don rahusa kaɗai suke yi ba, so suke harsashin ya dace da bindigarsu har rami biyar su haɗu wuri ɗaya a takarda daga yadi ɗari. To ka ga, Yaya, babu kayan, babu littafin, babu dokar a wurinmu. Waɗancan kwansunan na Baba ka bar su abin tunawa ko ka haɗa su da sauran ka miƙa.

Ɗan Birnin Gwari: Ku yi haƙuri zan ɗan fita daga layi. Kuna ta maganar lasisi da kwana 14, mu a nan waɗanda suke tare mana hanya da AK-47 wa ya ba su lasisi? Mai bin doka shi ake ɗaure wa hannu. Ba a Zamfara ba ne a watan Yunin 2022 Gwamna Bello Matawalle ya ce jama'a su nemi bindiga su kare kansu, har aka ce za a raba fom 500 ga kowace masarauta? Kafin shi Masari ma ya faɗi irin haka a Katsina. Amurka tun 1791 suka sa haƙƙin riƙe makami a tsarin mulkinsu. Mu me ya sa ba za a bar mu ba? Ni da ni ne Baban Sadiq, wallahi ba inda za ta je.

Lauyan zaure: Ɗan uwa, ba wanda zai raina abin da kuke gani, Allah ya kawo mana ƙarshensa. Amma ka tuna yadda ta ƙare a Zamfara. 'Yan sanda suka ce ba sa ba da lasisi, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin, domin makamai suna cikin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke yi wa doka. A watan Agustan 2023 kuma Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da ba da sabon lasisi. Shi ya sa ban yi wa Yaya alkawarin zai samu da wuri ba. Abin da nake so shi ne bindigar ta kwana a ma'ajiyar hukuma da rasit a hannunsa, sunansa a rubuce a matsayin magaji mai neman lasisi. In an buɗe ƙofa yana kan layi. In ya ɓoye ta, ranar da aka yi bincike a unguwa ko wani ya kai tsegumi, shari'ar da zai fuskanta ta shekaru ce a gidan yari, ga iyali ga marayun ƙanne.

Ɗan Birnin Gwari: Na ji Barista. Amma zuciya ba ta yarda ba.

Injiniya (Texas): Ko a nan ɗin ba kamar yadda ake zato ba ne. In za ka saya a shago sai ka cike fom a binciki tarihinka ta na'urar FBI, shekara 18 ga doguwar bindiga, 21 ga ta hannu. Kuma suna biyan farashin yawan bindigar nan, kullum cikin labarai ake, har makarantun yara. Abin da na fi so mu ɗauka daga wurinsu wani ne daban. Tun 1937 suke da dokar da ta sa harajin kashi 11 cikin ɗari a kan dogayen bindigogi da harsasai yake tafiya kai tsaye wajen kula da namun daji da koyar da mafarauta. Maharbi da kuɗinsa ake raya dajin da yake farauta. Mu kuwa Kawu zai gaya muku yaushe rabon da ya ga barewa.

Kawu Maharbi: Ya fi shekara ashirin a dajinmu. Da muna barin daji ya huta da damina saboda dabba na da ciki ko tana shayarwa. Yanzu yara da fitila a goshi da babur ba su san wannan ba. Gada ma sai an yi sa'a. Zomo da fakara da gafiya su suka rage.

Baban Amira (Ingila): Allah ya jiƙan Baba. Yaya, ko lasisin ya fito gobe kada ka harba ta sai wanda ya san aikin ya duba. In ka cire katakon gaba ka raba bututun da jikinta, a ƙarƙashinsa za ka ga tambura ƙanana da aka buga. In ƙirar Ingila ce, yawanci tambarin gidan gwajin bindigogi na Birmingham ne, wanda yake aiki tun 1813, ko na Landan. Abin dubawa shi ne tsawon mazaunin harsashi. Tsofaffin bindigogin Ingila da yawa inci biyu da rabi ne, milimita 65, alhali harsashin da ya fi yawa a kasuwa yanzu na milimita 70 ne. Zai shiga lafiya lau ka rufe, domin bakinsa a naɗe yake, sai an harba ya buɗe ya rasa wuri, matsi ya ƙaru a tsohon ƙarfe. Waɗancan masu jikin takarda da suka kumbura kuwa kada ka gwada ko ɗaya.

Ni ina harbin faifan yumɓu a nan duk ƙarshen wata. Na'ura ce ke cilla faifai mai faɗin santimita 11 sama, kai kuma ka bi shi ka fasa. Kafin a ba ni takardar izini sai da ɗan sanda ya zo gidana ya ga akwatin ƙarfen da na kafe a bango, ya ja shi da hannu ya ga ko zai motsa, aka tuntuɓi likitana, aka nemi wanda zai tsaya mini shaida. Duk shekara biyar ake sabuntawa. Matata ma ba ta san inda makullin yake ba, domin doka ba ta yarda wanda ba shi da izini ya iya kaiwa gare ta ba. Bayan kisan yara 'yan makaranta a garin Dunblane na Sikotland a 1996 suka hana ƙananan bindigogin hannu kusan gaba ɗaya, amma wasan harbi bai mutu ba.

Maman Hanif: To irin wannan akwatin in da shi, da sauƙi. Ƙarin abu ɗaya tunda an yi maganar ɗuri: masu narka dalma a gida su yi ƙwayoyin harbi, don Allah su daina yi a tsakar gida ko a murhun girki. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma dalmar ita ce dai, kuma ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro take fara taɓawa.

Malam Ƙarami: Allah ya saka wa kowa. Harbi a kansa abin yabo ne a addini. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wasu sahabbai suna gasar harbin kibiya ya ƙarfafa su, ya ce kakansu Annabi Isma'ila maharbi ne. Amma shi ne kuma ya hana mutum ya nuna ɗan uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. Ya kuma hana a ɗaure abu mai rai a mai da shi abin gwajin hannu. Don haka gwangwanin da Baba yake jerawa ya yi daidai, masu ɗaure tantabara ko kaza suna gasa a kanta su ji tsoron Allah. Sannan Yaya, bindigar nan dukiyar magada ce gaba ɗaya. Kafin ka ce taka ce, a yi mata kuɗi a cikin rabo, ko sauran su yafe maka da bakinsu, har da mata.

Baban Sadiq: Malam wannan ma ban yi tunaninsa ba. Mu tara ne, mata biyar.

Ɗan Damagaram: Gaisuwa daga Zinder, Allah ya ba da haƙuri. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda kalmar 'yan bindiga ta lalace a bakinmu. Da in an ce 'yan bindiga, mutanen fada ake nufi, masu tafiya gaban sarki ranar hawan Sallah suna sakin baushe sama, hayaƙi ya turnuƙe, dawaki su yi ta rawa, mata su rangaɗa guɗa. A nan Damagaram tun zamanin Sarki Tanimu, a ƙarni na 19, ake ƙera igwa a cikin gari. Hawan Sallar Kano ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a Disambar 2024, kamar yadda wasan dawaki da bindiga na Maroko ya shiga a 2021, inda mahaya ke sukuwa a jere su saki wuta lokaci ɗaya kamar harbi guda. Yau yaro in ya ji 'yan bindiga sai gabansa ya faɗi.

Kuma kada mu manta da Uromi a jihar Edo, watan Maris na 2025. Mafarauta 16 'yan arewa suna hanyar komawa gida Sallah daga Fatakwal, aka ga bindigogin farauta a motarsu, aka kashe su. Allah ya jiƙansu. Tun daga ranar nake cewa mafarauci yana bukatar takarda da rajista da shaidar da kowane jami'i a kowace jiha zai gane, kuma hukuma ta sauƙaƙa masa samunta.

Baban Amira (Ingila): Amin. Kuma da za a samu filin harbi na wasa mai rajista ko ɗaya a kowace babbar jiha, inda bindigogin ke kwana a can, da an ga hannu. Harbi yana cikin wasannin Olamfik tun na farko a 1896. Akwai na bindigar iska daga mita 10, ba albarushi ko kaɗan, ɗigon tsakiyar da ake nema rabin milimita ne. Ahmed Al Maktoum na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya ci zinariya a harbin faifai a Atina, babban birnin Girka, a 2004, Nasser Al-Attiyah na Ƙatar ya ci tagulla a Landan a 2012. Yaran da Kawu ya raina, masu sauke fakara tana tashi, me zai hana su?

Kawu Maharbi: A kawo faifan mu gani. Ina da jika da ba ya kuskuren kurciya da danƙo.

Baban Sadiq: Na gode ƙwarai, Allah ya bar mu tare. Ga inda muka tsaya. Da daddare na tara ƙannena har da waɗanda ke gidan aure ta waya, na karanta musu abin da Malam ya rubuta. Duk sun yafe mini ita, sai autarmu da ta ce a bar mata bargon da aka naɗe ta, na ba ta. Na raba bututun kamar yadda Baban Amira ya ce, na haska da fitilar waya, akwai tambura, kuma an buga 2½ a jiki. Harsasan na ware su daban na kulle a durowa, makullin yana wuyana. Barista ya ce kada in ɗauke ta in nufi ofishin 'yan sanda haka kawai, mu fara kai takarda da kwafin lasisin Baba da shaidar rasuwa, su faɗi ranar da za a kawo ta da yadda za a kawo. Gobe ƙarfe tara zan same shi a ofishinsa. Kawu, in Allah ya sa lasisin ya fito, a wurinka zan fara ɗaukar jaka, ni da Sadiq.

Kawu Maharbi: Ku zo bayan an gama girbi. Ku taho da takalmi mai kauri, akwai ƙaya a hanyar fadamar.